Jininmu Bai Haɗu Ba

A Unguwar Kalgo, wani ɗan ƙauye da ke bakin babban kanal tsakanin Kura da Bunkure, ko kalgo ɗaya babu, suna kawai ya rage. A nan mai maganin daji yake zaune, wato Hambali ɗan Sani Mai Saiwa, mutumin da rabonsa da ganin daji da idonsa tun yana ɗan shekara bakwai.

Ba laifinsa ba ne. A shekarar ne aka kawo katafila don shirya gonakin noman rani. Aka tuge duk wata bishiyar da ke tsaye, aka shata ƙasa layi-layi, aka sako ruwa daga Tiga. Inda ubansa ke sassaƙo hano ya koma shinkafa, inda yake tonon saiwar sanya da gwandar daji ya koma tumatir da albasa. Tsohon ya zauna a kan wani kututture yana kallo har katafila ta gama ɓarnarta, sannan ya miƙe ya karkaɗe wando ya ce, "To madalla. Sun kwashe dajin waje, sun bar mana na jiki." Ciwon nan yake nufi da 'yan boko ke ce wa kansa, wasu su ce sankara, mutanen ƙauye kuma su ce daji, shi ma sai sun rage murya sun waiga.

Gadon da Hambali ya samu ba shi da wuyar ɗauka: jakar fata, tsohon turmi, sandar ƙirya mai tsini da ake tono da ita, sai maganganu guda biyu. Ta farko ta kasuwa ce, da ƙarfi ake faɗinta kowa ya ji: "Daji ba ya son ƙarfe." Wato in aka kuskura aka taɓa ciwon da allura ko wuƙar likita, sai ya fusata ya bazu a jiki. Ta biyun kuwa ta sirri ce, a gona uban ya faɗa masa wata rana da azahar, suna hutawa a gefen kunya.

"Buɗe kunnenka, Hambali. Wanda ya zo da kumburi mai zafi, mai ja, mai zugin da ke hana zama, wannan namu ne. Ka ba shi sassaƙe ya sha, ka ba shi na shafawa, kwana bakwai ya fashe ya huta. Wanda kuwa ya zo da ƙullutu mai tauri kamar ƙwallon goruba, ba zafi ba zugi, yana zaune abinsa shiru, kada ka soma. Ka riƙe hannun mai shi, ka runtse ido, ka girgiza kai, ka ce, 'Jininmu bai haɗu ba, gwada gaba.'"

"To Baba, a cikin biyun nan wanne ne dajin?"

"Wanda ka warkar, mutane za su ce daji ne. Kai kuma ba a aike ka musu ba."

Da wannan karatu Hambali ya shekara talatin da ɗoriya yana magani, kuma ba a taɓa jin mutum ya mutu a hannunsa ba. Ina za a ji, tunda duk mai alamar mutuwa jininsu ba ya haɗuwa? Gajere ne siriri, amma Allah ya hore masa murya, in ya yi sallama a wannan gaɓar kanal sai an amsa a waccan. Yana da 'yar gonar tumatir wadda, ikon Allah, ba ta taɓa nuna sai ranar da farashi ya faɗi ƙasa warwas. Tsoron allura kuwa kada ka tambaya. Duk ranar da masu rigakafi suka shigo ƙauye, a tsakiyar gonar shinkafa za ka same shi, ruwa har gwiwa, yana duba abin da bai shuka ba.

Saiwa da sassaƙe kuwa, tunda daji ya ƙare, wani Bafillace abokinsa mai suna Jaji ke kawo masa in ya dawo da shanu daga wajen Falgore. Wanda ake ɗan samu a bakin kanal, irin su tumfafiya da sabara, Hambali ya daina taɓawa tun da ya lura maganin feshi ya fi raɓa yawa a jikinsu.

Wata shekara ya sa aka rubuta masa allo aka kafa a bakin titi: ANA MAGANIN DAJI A NAN. Mutum na farko da allon ya jawo masa wani manomi ne daga Dawakin Kudu, da jarkar feshi a goye, yana tambayar nawa ne lita, wai gonar da ya karɓa haya ta cika da ciyayi har kura za ta iya haihuwa a ciki. Na biyu wani mafarauci ne mai neman laya. Hambali bai cire allon ba, don ya riga ya biya mai fenti.

Har malamai daga jami'a sun taɓa zuwa, su uku da mota, suna binciken itatuwan da ake maganin daji da su. Ya shimfiɗa musu tabarma ya baje kaya: ga hano, ga tsada, ga marke, ga gwandar daji, ga sanya uwar magunguna. Duk wanda ya kira sai su rubuta shi da wani dogon suna da ko Bature sai ya huta a tsakiya. Ɗayarsu ta tambaye shi yawan da ake sha.

"Cikin tafi ɗaya," in ji Hambali.

"Tafin wa, Baba?"

"Na mai ciwon mana. In ƙato ne ya sha da yawa."

Suka ɗauke shi hoto yana riƙe da sandar ƙirya, suka yi godiya suka tafi. A hanyar raka su mota wadda ta yi tambayar ta ce masa a hankali, abin da suke yi gwaji ne tukuna, in ya ga mai ƙullutu ya daure ya tura shi asibiti. Ya ce to, to, in sha Allah, irin to ɗin da ake ce wa baƙo.

Amma duk wannan suna da ya yi, ba allo ne ya yi masa ba, ba kuma malaman jami'a ba. Yayarsa ce, Kubra. Shekara bakwai ta ba shi, kuma ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, saboda haka har ya yi furfura a wurinta bai wuce yaron da ake goge wa majina ba. Mijinta ya rasu da jimawa. Sana'arta turara shinkafa kafin a kai injin casa, tana da manyan tukwane shida a bayan gidanta da mata huɗu masu taya ta. Duk wanda ya kawo buhu ba ya tafiya sai ya ji labarin ƙaninta. Direbobi, 'yan dako, dillalan shinkafa daga kudu da ba sa jin Hausa sosai, duk sun haddace. "Hambalinmu? Daji in ya ji takunsa tattara kayansa yake yi." In wani ya ambaci asibiti sai ta ɗaga ludayi ta ce, "Daji ba ya son ƙarfe! Ubanmu ya faɗa, ƙanina ya faɗa." Hambali na jin daɗin wannan ƙwarai, kuma yana tsoronta fiye da allura.

Ana nan, wata safiya cikin rani, ranar da layin ban-ruwa ya zo kan gonarsa, ya ɗauki fartanya zai fita sai matarsa Saliha ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen zani.

"Malam, jiya Yaya ta nuna min wani abu. A mamanta na hagu. Ta ce in faɗa maka ka haɗa mata magani, ita ba za ta iya faɗa da bakinta ba."

"Yana mata zafi?"

"Ko kaɗan."

"Ya yi ja? Yana zugi?"

"A'a. Yana nan dai zaune. Na taɓa, tauri gare shi kamar dutse, ko motsi ba ya yi."

"Tun yaushe?"

"Ta ce kwanan nan ta lura."

Hambali ya ajiye fartanya ya zauna a kan turmi. Ranar nan ruwa ya zo ya wuce ta gefen gonarsa ya shige ta maƙwabci, bai ma tuna ba.

Da hantsi ya samu Kubra a gaban tukwanenta, hayaƙi da tururi sun rufe ta. Ta kori matan da ke taya ta gefe, ta miƙo masa hannu. Sabo tun na shekara talatin ya riga hankalinsa: ya riƙe hannun, ya runtse ido, ya girgiza kai, ya ce, "Yaya, gaskiya jininmu bai..."

Ludayi ya sauka a tsakiyar hularsa.

"Ƙarasa mana! Ƙarasa in ji! Ni da kai ciki ɗaya muka kwanta, nono ɗaya muka sha, uba ɗaya ya raɗa mana suna. In jininka bai haɗu da nawa ba, da na wa zai haɗu? Na jakin Jaji? Tashi ka je ka haɗo min magani."

Ya taso ya fito. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ƙofar da ya saba ficewa ta cikinta yau an toshe, ƙofar asibiti kuwa shi da kansa ya rufe ta da maganar ƙarfe. A hanyar gida wani tunani ya taso masa da bai taɓa zuwa ba: duk waɗanda ya ce wa su gwada gaba, ina ne gaban? Ya hana su nasa, ya kuma tsoratar da su daga na likita. Ya tuna wata mata daga Kadawa da ta zo da goyo, ya tuna wani tsoho mai sayar da kwanduna. Bai taɓa tambayar inda suka ƙare ba. Kunya da tsoro suka kama shi, har sai da ya tsaya a bakin kanal ya wanke fuska.

Abu ɗaya ya sani: dole Yaya ta je asibiti, kuma yanzu, ba bayan kaka ba. Sai dai Hambali mutum ne da bai saba bin miƙaƙƙiyar hanya ba in akwai ta kwana.

Ya fara da dabara. Ya koma ya ce mata irin nata na musamman ne, ba ya jin kowane magani sai kaucin tsada, shi ma wanda ya fito a reshen gabas, kuma rabon da a ga irinsa a ƙasar Kano tun kafin katafila. Tunda babu, ai sai a lallaɓa birni a ji ta bakin likitoci. Kubra ta ajiye ludayi. Ta ciro waya daga ƙugu ta kira Jaji, wanda dama a wurinta yake samun dusar shinkafa ta shanunsa. Kwana uku sai ga Jaji a ƙofar gidan Hambali da buhu a bayan babur.

"Kaɗo, abin da ka ce babu a duniya ga shi buhu guda. Duk na gabas ne, sai da na tsaya rana ta fito na tabbatar."

Hambali ya yi masa godiya irin wadda ta fi zagi ciwo. Dole ya dafa ya kai mata. Ta sha kwana bakwai, kullum tana cewa ta ji sauƙi, kullum kuma Saliha na dawowa tana girgiza kai.

Ya sake shiri. Wannan karon ya sa babbar riga, ya tafi da fuskar malamai.

"Yaya, na yi ta bitar maganar Baba. Ashe ba mu fahimce shi ba. Baƙin ƙarfe yake nufi, irin na maƙera, na fartanya da lauje. Su kuwa likitoci farin ƙarfe ne da su, mai ƙyalli. Shi daji bai ma san shi ba, balle ya yi fushi."

Kubra ta dube shi daga hula har takalmi.

"Hambali, shekarunka nawa da Baba ya fara wannan maganar? Ina nan ya kori wanzami da askarsa, kuma fara ce tas. Farin ƙarfe! Gobe kuma ka zo min da shuɗi. Wa ya ɗinka maka rigar nan? Wuyan ya karkace."

Sati biyu sun tafi a banza. Da ya ga ƙarya ta ƙare masa, sai ya ɗauko gaskiya, abin da bai taɓa gwadawa a sana'a ba. Ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata komai: maganar gona, kumburi mai zafi da ƙullutu mai sanyi, da cewa shi a rayuwarsa bai taɓa warkar da daji ba, maruru ne da ƙurji da gyambo. Ta saurara har ya gama tana juya shinkafa.

"Ta uku ke nan," in ji ta. "Ta farko kauci, ta biyu farin ƙarfe, yanzu kuma ka zo ka yi wa mamaci ƙarya. In gaskiya ne me ya hana ka faɗa a kasuwa, inda kake faɗin waccan?"

Ta faɗa ne don ta rufe masa baki, don ta san babu mai fasa tukunyar abincinsa da hannunsa. Shi ma ya san haka. Kwana biyu yana kai kawo tsakanin gida da gona, yana auna sunan ubansa da nasa a hannu ɗaya, Yaya a ɗaya hannun. Ba don aunin yana da wuya ba, tsoro ne kawai irin na ɗan'adam.

Ranar kasuwar Kura ya ɗaure 'yar lasifikarsa a kan babur kamar yadda ya saba, ya shimfiɗa kaya kusa da masu kwandunan tumatir. Ya hura lasifika sau biyu. Muryar nan da ake ji a ƙetaren kanal yau rawa take yi.

"Jama'a, assalamu alaikum. Ni ne Hambali ɗan Sani Mai Saiwa. Ku shaida, ba ni da maganin daji! Ban taɓa warkar da daji ba, ko sau ɗaya! Maruru nake warkarwa, da ƙurji, da gyambo. Maganar ƙarfe kuma ku yar da ita. Duk wanda ya ji ƙullutu mai tauri a jikinsa, mace ko namiji, ya tafi asibiti tun da wuri!"

Kasuwa ta yi tsit, sannan mutane suka fara matsowa. Sai wani ƙato ya ratso taron yana huci. Nasiru ne, direban adaidaita sahu, wanda shekara goma da suka wuce, lokacin yana acaɓa, wani kumburi ya fito masa a inda ake zama.

"Ƙarya kake yi, Malam Hambali! Ni fa? Ba kai ka warkar da ni ba?"

"Maruru ne da kai, Nasiru."

"Daji ne!"

"Wallahi maruru ne. Zaman babur ne ya kawo shi."

"Daji ne! Duk Kura an san na yi daji na tashi! Har surukaina sun sani!"

Sai da aka rirriƙe shi, don ya rantse ba zai bari a raina masa ciwo a bainar jama'a ba. Ana cikin haka wani dillalin albasa ya ce, shi tunda yake bai taɓa ganin mai magani ya ce ba shi da magani ba, lallai wannan mai gaskiya ne, kuma maganin mai gaskiya ai ba ya ƙin ci. Ya ce a ba shi ƙulli biyu. Kafin azahar an wawashe kayan kaf, har kaucin Jaji. Hambali yana cewa, "Na maruru ne fa!" suna cewa, "Mun ji, Malam, mun gane, ƙara min ɗaya." Tunda ya fara sana'a bai taɓa ciniki irin na ranar ba, kuma bai taɓa komawa gida da baƙin ciki irin na ranar ba. Mutum ɗaya ce kawai ba ta sayi komai ba, wata mata mai tallan gyaɗa, da ta tsaya har aka watse ta tambaye shi a hankali ko wane asibiti ake zuwa.

Labari ya riga shi isa Unguwar Kalgo. Da la'asar yana zaune a zaure sai ya ji takun da ya sani tun yana goye. Kubra ta shigo ba sallama.

"An ce ka kwance wa Baba zani a kasuwa."

"Ke kika ce in faɗa, Yaya."

"In na ce ka faɗa kanal sai ka faɗa?"

Ta daɗe a tsaye, sannan ta nemi gefen tabarma ta zauna da ƙyar, ta miƙe ƙafafu. Da ta sake magana, muryar ba ta gaban tukwane ba ce.

"Kana tsammani ban sani ba? Wa ke daka wa Baba magani tun ba ka iya ɗaura wando ba? Wanda ya karɓa na gani, wanda ya sallama na gani. Ni na san ƙullutun da ake girgiza wa kai."

"To Yaya, duk shekarun nan da kike yabona..."

"Ƙanina ne kai. In ban yabe ka ba wa zai yabe ka, da wannan gonar taka?"

"Maganin da kike sha fa?"

Ta dubi tafin hannunta.

"Tsoro nake ji, Hambali. Inna ta shiga asibiti a kan ƙafarta, a kafaɗa aka fito da ita, kai ba ka da wayo. In ina shan naka ina gidana, ina jin ƙamshin shinkafata, ina yi wa mutane faɗa. Na ce ko da ƙarya ce, bari in zauna a inuwarta. Yau ka je ka sare ta da lasifika."

Hawaye ya zubo wa Hambali. Tausayinta ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don shi bai taɓa sanin Yaya na tsoron wani abu a duniya ba.

"Gobe da safe ka zo da adaidaita," in ji ta tana miƙewa. "Ba wannan babur ɗin naka ba. Kuma kada ka kira Nasiru, an ce fushi yake da kai."

Sai da suka yi sawu uku zuwa wani babban asibiti a Kano, su uku da Saliha, daga wannan layi zuwa wancan. A sawun farko aka ɗebi jininta, Kubra ko gezau, Hambali kuwa da ke kallo daga bakin ƙofa sai da aka zaunar da shi aka yi masa fifita. A na biyu aka ɗebi ɗan abin da za a auna daga ƙullutun, aka kuma tura ta ɗaukar hoton ƙirji. Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, cire sarƙa da ɗan kunne, duk wani ƙarfe a jikinki ki cire kafin ki shiga." Kubra ta juyo ta ƙwala wa ƙaninta kira ta kan mutane.

"Ka ji ko? Su ma sun sani!"

A sawu na uku likita ta kira su ciki, wata mace mai farin gilashi wadda a haife Kubra ta haife ta. Ta yi musu bayani dalla-dalla: ciwon dai shi ne, za a yi aiki, bayan aiki akwai magani mai wahala na wasu watanni. Ta ce da sun zo da wuri da abin ya fi haka sauƙi, amma akwai abin yi, kuma za a yi. Sannan ta ɗauki biro.

"Mama, yaushe kika fara jin ƙullutun? Ki faɗa min daidai, yana da amfani."

Kubra ta gyara mayafi. "Wata bakwai ke nan. Ko takwas."

Hambali ya ji kamar an zare masa kujera. Kwanan nan, aka ce masa. Wata takwas tana juya shinkafa da abin a ƙirjinta, tana ɗaga ludayi tana faɗa wa direbobi maganar da ya koya wa duk ƙasar Kura.

"Wata takwas?" in ji likita. "Me ya hana ki zuwa? Ko wani ne ya ce kada ki zo? Da yawa sai sun gama yawon masu magani, an ce musu kada su yarda a taɓa su da ƙarfe."

Hambali ya buɗe baki zai yi magana. Ƙafar Kubra ta sauka a kan tasa ta ƙarƙashin tebur, da duk nauyinta.

"Babu wanda ya hana ni, 'yata," in ji ta, ko kallonsa ba ta yi ba. "Aiki ne ya yi min yawa. Wannan ƙanina ne, shi ya matsa sai da na zo."

Likita ta ɗago ta dube shi ta ce, "Ka kyauta, Baba. Allah ya saka da alheri." Ta rubuta ranar aiki a takarda ta miƙa masa.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya fito baranda ya jingina da bango, takardar na hannunsa, ya yi kuka irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro, mutane na wucewa suna masa sannu a zatonsu rasuwa aka yi masa. Kubra ta fito a hankali, Saliha na riƙe da jakarta. Ta tsaya a gabansa ta dube shi, nata idon ma ya yi ja.

"Goge fuskarka, kana ba ni kunya a birni," in ji ta. "Ninke takardar nan ka sa a aljihu kafin ka jiƙa ta. Sannan ka je bakin get ka samo min ruwa mai sanyi."

Ya ninke takardar, ya goge fuska da hannun riga, ya tafi neman ruwan.